Yadda ake wasa kurfi da cizal na injin juya katako

Cizal ɗin da kafinta ke fafe ramin makulli da shi yana iya wuni bai ga dutse ba. Na injin juya katako ba ya samun wannan hutun. Ɗauki gungumen da za a fitar da akushi daga cikinsa, mai faɗin santimita 25, yana juyawa sau 800 a minti. Gefensa yana wuce bakin kurfi, wato cizal mai kwarmi, da tsawon kusan mita 628 kowane minti, wato cikin minti goma bakin ya ci fiye da kilomita 6 na itace. In itacen ƙirya ne ko maɗobiya, ko iroko mai ɓoye dunƙulen farar ƙasa a cikinsa, ko gungume mai ɓawo da ya kwashi yashi a ƙasa, kaifin ba zai ma kai minti goman ba. Shi ya sa injin wasa yake zama taku biyu ko uku daga injin juyi.

Tun farko a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai fitar da siffa, wato cin ƙarfe da yawa don a ba baki kusurwa da fasalin da ake so, kuma wannan sau ɗaya ake yi, ko in baki ya lalace. Akwai kuma wasa na kullum, wanda bai wuce daƙiƙa 10 zuwa 20 ba, ana shafe ɗan abin da ido ba ya ma gani. Wanda duk zuwansa gaban dutse sai ya sake siffa, kurfinsa ba zai shekara ba, hannunsa kuma ba zai saba da bakin ba tunda kullum sabo ne. Duk dabarun da ke ƙasa abu ɗaya suke nema: ƙarfe ya koma kan dutse a daidai inda ya zauna a wasan baya.

Fara da sanin ƙarfen

Iri biyu ne suka fi yawa a hannun masu juyi. Na farko ƙarfe mai kabon, wanda da shi aka yi tsofaffin kayan aiki, kuma shi ne abin da maƙeri ke fitarwa in an kai masa sifirin mota. Yana ɗaukar kaifi sosai, amma zafi ne ajalinsa. Da bakin ya kai wajen digiri 230 na Salshiyas zai yi launin kara, a wajen 300 ya koma shuɗi, kuma duk inda ya yi shuɗi taurinsa ya tafi. Sai an cinye wurin gaba ɗaya an kai ga lafiyayyen ƙarfe. Don haka gwangwanin ruwa yana gefe, ana tsoma shi duk bayan daƙiƙa biyu ko uku, tun kafin ya yi zafi. Ka ajiye yatsa kusa da baki. In yatsa ya fara jin zafi, lokacin tsomawa ya yi.

Na biyu shi ne wanda ake buga wa HSS a jiki, galibi nau'in M2, irin wanda kamfanonin Sheffield na Ingila kamar Robert Sorby da Henry Taylor suke yi. Yana riƙe taurinsa har sama da digiri 500, saboda haka ɗan shuɗi a gefe ba ya kashe shi. Dokarsa akasin ta farko ce: in ya yi zafi sosai kada a tsoma shi a ruwa, domin sanyin farat ɗaya yana jawo ƙananan tsagu a siririn bakin, daga baya ya riƙa ɓantarewa a cikin aiki. A ajiye shi ya huce da kansa.

In babu rubutu, tartsatsi zai faɗa maka. Mai kabon yana fitar da tartsatsi mai haske da yawa, kowane yana fashewa ya yi rassa. Na HSS kaɗan ne, ja-ja mai duhu, kusan babu rassa.

Game da tsohon magagari da wasu ke mayarwa makankari, wato cizal ɗin kankare katako, don arha: ƙarfensa ya yi tauri har ya zama mai gautsi, kuma kowane layin haƙorinsa wurin fara tsagewa ne. In katako ya fizge shi ba lanƙwashewa yake ba, karyewa yake ya yi tsalle. Sai dai in maƙerin da ya san aikinsa ya cinye haƙoran ya kuma sassauta taurin a wuta.

Injin wasa da dutsensa

Injin kan tebur mai dutse biyu ake nufi, ba na hannu da masu walda ke yanka ƙarfe da shi ba, wanda babu yadda za a maimaita kusurwa a kansa. Dutse mai faɗin inci 8, wato milimita 200, ya fi mai inci 6, don yana barin gangare, wato fuskar bakin da dutse ke ci, mara zurfin lotsawa kuma yana da faɗin zama. A wutar Nijeriya da Nijar yawancin injinan suna juyawa kusan sau 2,850 a minti, masu tafiyar hawainiya kuma rabin haka. Mai sannu ya fi yafe wa ɗan koyo, amma mai sauri ma yana aiki lafiya in hannu bai da nauyi. Akwai kuma injin ruwa irin na Tormek na Suwidin, mai juyawa kusan sau 90 a minti, wanda ba ya ƙona baki ko kaɗan. Matsalarsa tsada, da jinkiri wajen fitar da siffa.

Dutsen toka-toka da ke zuwa da inji an yi shi ne don aikin ƙarfe na gama-gari. Ƙwayoyinsa sun kame sosai, ba sa zubewa in sun dakushe, sai su daina yanka su koma gugar ƙarfe suna ɗora masa zafi. Fari, ko ruwan hoda, ko shuɗi na alminiyam oksaid ake so, mai laushin kamu. A takardar gefensa za ka ga rubutu irin WA 80 K: lambar ita ce kaushi, harafin ƙarshe kuma ƙarfin kamu, inda I, J da K suka dace da wannan aiki. Sa mai lamba 46 ko 60 a gefe ɗaya don siffa, mai 80 zuwa 120 a ɗayan don wasa. Koren dutse na wasa kabaid ne, wani ƙarfe mai tsananin tauri, ba naka ba. Wanda ya sami hali, dutsen CBN, wanda ainihinsa faifan ƙarfe ne da aka lulluɓe da ƙwayoyi masu tauri, ba ya raguwa, ba ya fashewa, ba a gyara masa fuska. Mai lamba 180 ya wadatar da wasan kullum. Sharaɗinsa kada a kai masa ƙarfe mai laushi ko alminiyam, don suna toshe shi.

Kafin ka ɗaura sabon dutse, rataye shi a yatsa ko a fensir ta ramin tsakiya, ka ɗan ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukundireba a wurare huɗu. Lafiyayye yana ba da ƙara mai tsayi, tas. Wanda ya tsage a ciki yana ba da ƙara a dushe, kuma wannan sai jifa, ko da ido bai ga komai ba. Duba iyakar gudun da aka rubuta a jikinsa, kada ya gaza na injinka. Bar takardun gefe biyu a wurinsu, su ne ke raba matsin faifan ƙarfen da ke riƙe shi. Ɗaure noti daidai kamawa, ba da dukan ƙarfi ba, kuma ka tuna na hannun hagu a juye yake ɗauruwa. Kunna injin ka tsaya a gefe minti guda cur kafin ka zo gabansa.

Sannan gyaran fuska. Da magyari mai ƙwayoyin daimon, wanda aka dafa a kan faranti, a bi fuskar dutsen daga gefe zuwa gefe a hankali har ta koma fara fat kuma ta miƙe. Wannan yana cire karkarwa, yana buɗe sababbin ƙwayoyi. Duk lokacin da fuskar ta yi baƙi-baƙi tana sheƙi, ko tsakiyarta ta yi kwari, a maimaita. Rabin ƙorafin da ake yi cewa ƙarfe yana ƙonewa daga nan yake, dutse ne ya toshe. Ƙurar da ke tashi lokacin gyaran tana cutar da huhu, a sa takunkumi.

Tsakanin farantin jingina da dutse kada ya wuce milimita 3. Garkuwar fuska ko tabarau dole ne, safar hannu da hannun riga mai lilo kuma a'a. Kada a wasa a gefen dutse, a fuskarsa kaɗai. A share garin katako daga ƙarƙashin injin, domin tartsatsi yana iya kwanciya a cikinsa ya ci a ɓoye har bayan an rufe shago. Tsayin tebur kuwa, tsakiyar dutsen ta zo wajen gwiwar hannunka ko ɗan sama.

Farantin da ke zuwa da inji ƙarami ne, yana kuma rawa. Mai walda zai yi maka mai faɗin kusan santimita 8 da tsawon 12 daga falange mai kaurin milimita 5 ko 6, da kusa mai ɗaurewa da ke barinsa ya karkata.

Kusurwa, da gwajin maka

Kusurwar da ake magana ita ce tsakanin gangaren baki da saman ƙarfen, ko ƙasan kwarmi ga masu kwarmi. Ƙarama tana yanka da tsafta amma ba ta daɗewa kuma tana saurin kafewa a katako. Babba tana jurewa amma tana son turi. Bambancin digiri biyu ko uku da abin da aka rubuta a nan ba komai ba ne. Abin da ke ɓata aiki shi ne yau 40, gobe 48, jibi 43. In ba ka da ma'aunin kusurwa, tsawon gangare zai nuna maka: ga baki mai gangare ɗaya, in tsawonsa ya ninka kaurin ƙarfen sau biyu, digiri 30 ke nan, in ya kai sau ɗaya da kusan rabi, wajen 45. Da ka sami saitin da ya yi maka, yanki ɗan falange wanda gefe ɗaya ya kwanta a faranti, ɗayan ya taɓa dutse a wuri biyu, ka rubuta sunan kurfin a jikinsa. Gobe daƙiƙa biyar ta isa ka dawo da farantin wurin.

Gwajin da ya fi kowane ma'auni amfani ga shi. Shafe gangaren duka da baƙar maka, wato alƙalamin tawada mai kaurin baki. Injin a kashe, ɗora ƙarfen yadda za ka wasa shi, ka juya dutsen da hannu kaɗan. Ɗaga ka duba. In tawadar ta goge daga diddigen gangare, wato ƙarshensa na baya, har baki, saiti ya yi. In diddige kawai ta goge, za ka daɗe kana cin ƙarfe ba ka kai baki ba, kusurwar kuma tana raguwa. In baki kawai ta goge, kusurwar tana ƙaruwa, kuma bayan wasa biyar kurfin zai zama dagi. Gyara farantin ka sake gwadawa.

Nauyin hannu kuwa, nauyin ƙarfen kansa ya kusa isa. Diddige ke fara taɓa dutse, sannan a ɗaga ƙota kaɗan har gangaren ya zauna. A kan dutsen alminiyam oksaid, da ka ga tartsatsi ya fara tsallake baki yana gangarowa ta saman ƙarfen, an kai. Ƙarin daƙiƙa bayan wannan asarar ƙarfe ce.

Kurfin share fage

Shi ne babban nan mai faɗin kwarmi da ake mayar da katako mai kusurwa huɗu zagayayye da shi, kamar ƙafar kujera ko ta gado. Da shi ya kamata mai koyo ya fara, don wasansa ya fi sauƙi. Kusurwa 40 zuwa 45, bakin kuma a miƙe: in ka tsayar da shi a kan tebur bakin ya zauna ko'ina. Kwantar da shi a faranti, kwarmi sama, yatsu biyu suna danne shi, ɗaya hannun a ƙota. Mirgina shi daga wannan kunne zuwa wancan a tafiya ɗaya, ƙotar tana nan a saitin dutse ba ta kaɗawa hagu ko dama. Sau biyu ko uku. Kuskuren da aka fi yi shi ne daɗewa a tsakiya, sai tsakiyar ta lotsa kunnuwa su yi gaba, su riƙa cafkar katako kafin tsakiya ta taɓa. Maganinsa a tura bakin kai tsaye ga dutse a hankali har ya miƙe, sannan a sake fitar da gangaren.

Wasu suna dafa gindin ƙotarsa a aljihun doguwar sandar mariƙi, na'urar riƙe kurfi da bayaninta ke ƙasa, suna wasawa. Akwai haɗari a nan: in bakin ya sauko kusa da tsakiyar dutsen, dutsen yana iya jan shi ƙasa ya matse shi tsakaninsa da sandar, har dutse ya fashe. Faranti ya fi aminci. Kuma komai kaifinsa, wannan kurfi ba ya taɓa akushi. Wutsiyarsa da ke shiga ƙota siririya ce, fizga ɗaya ta isa ta karya ta.

Kurfin akushi da kurfin ado

Nan aikin yake. Galibi daga zagayayyen sandan ƙarfe ake fafe su. Na akushi kwarminsa mai zurfi ne, na ado, wanda ake fitar da ƙulli da wuya a jikin ƙafar tebur da shi, kwarminsa bai da zurfi. Na ado yana son 30 zuwa 35, da baki mai siffar farce. Na akushi yana tsakanin 40 da 60, gwargwadon aikin: 40 zuwa 45 don bayan akushi da gefen ciki, 55 zuwa 60 don gindin mai zurfi, inda ƙota za ta bugi leɓen akushin in kusurwar ƙarama ce. Wanda ke da kurfi ɗaya tak ya tsaya wajen 50. Salon da aka ja fukafukan, wato gefen baki biyu, baya sosai, wanda ake dangantawa da masu juyi na Ailan da kuma David Ellsworth na Amurka, hancinsa, wato tsakiyar bakin, wajen 60 ne. Salon Stuart Batty kuwa 40 a hanci, fukafukai ma an ja su baya da 40, kuma da hannu ake yinsa a kan faranti.

Ana iya wasa su da hannu zalla, amma motsi uku ne a lokaci guda, mirginawa da kaɗa ƙota da turawa sama, kuma kafin hannu ya koya rabin kurfin ya tafi. Mariƙi ya fi. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne Wolverine na kamfanin Oneway na Kanada: doguwar sanda mai aljihu a ƙarƙashin dutse, da ɗan mariƙi mai ƙafa ɗaya da ake ɗaure kurfin a ciki, ƙafar tana tsayawa a aljihun. Tsarin ba shi da wuya, mai walda zai iya kwaikwayonsa da bututu mai kusurwa huɗu, ana ma yin mariƙin da katako mai tauri da kusa ɗaya. Dole aljihun ya zama a saitin tsakiyar faɗin dutsen.

Abu uku ke tsayar da siffa. Na farko tsawon da kurfin ya leƙo daga mariƙi. Zaɓi milimita 50 ka tsaya a kai, ka huda rami mai wannan zurfin a ɗan katako ka manne shi a tebur, kullum ka tura bakin har ƙasan ramin sannan ka ɗaure. Na biyu karkatar ƙafar mariƙin, wadda ke shafar yadda gangaren fukafukai ke kwanciya. Saita ta sau ɗaya, ka yi mata alama, ka manta da ita. Na uku nisan aljihu daga dutse, shi ke ba da kusurwar hanci: matso da shi kusurwa ta ragu, ja shi baya ta ƙaru. Wannan na ukun kaɗai za ka riƙa taɓawa, da gwajin maka, saboda dutse yana raguwa da gyara.

Ga tsarin wasan kullum:

1. Ɗaure kurfin, kwarmi yana kallon sama daidai, ba a karkace ba.
2. Shafa maka, gwada a hanci da injin a kashe, gyara aljihu.
3. Kunna. Fara da fiffike ɗaya, daga kusa da hanci zuwa ƙarshensa, shafa ɗaya ko biyu.
4. Ɗaga, koma ɗaya fiffiken, ka yi masa adadin da ka yi wa na farko.
5. A ƙarshe haɗe su ta hanci da kaɗawa ɗaya mai sauri da sauƙin hannu.

Dalilin barin hanci a ƙarshe shi ne ƙarfen da ke taɓa dutse a wurin ɗan kaɗan ne, duk nauyin hannu a kansa yake taruwa, yana cinyewa ninkin yadda fiffike ke ci. Mariƙi kusurwa kawai yake riƙe maka. Siffa tana hannunka, kuma inda ka daɗe nan ne zai ci.

Bayan wasa duba kurfin ta gefe. Layin fiffike daga hanci zuwa baya ya zama miƙaƙƙe ko mai ɗan tudu. In ya lotsa, ƙarshen fiffiken da hancin za su shiga katako tare, abin da ke kawo mummunar fizga. Sannan duba ta sama. Hanci ya zama zagayayye, yana bin siffar ƙasan kwarmi. In ya yi tsini, an ci gefensa biyu fiye da kima, zai riƙa barin layi-layi a aiki kuma ya dakushe nan da nan. In ya lotsa ciki, an daɗe a kansa. Akwai kuma wanda gefen hanci biyu suke lotsawa ya fito kamar bakin tsuntsu, wanda ya fi faruwa ga kurfi mai matsattsen kwarmi, don ƙarfen wurin siriri ne.

Duk waɗannan gyaransu ɗaya ne, kuma haka ake fitar da siffa ga sabon kurfi. Cire shi daga mariƙi, kifa shi, kwarmi yana fuskantar dutse mai kaushi, ka ci saman fukafukan har layin gefen ya fito yadda kake so. Yanzu in ka kalli bakin za ka ga wani fili mai sheƙi ya zagaye shi, wani wuri da faɗi, wani wuri siriri. Mayar da shi mariƙi ka riƙa cin gangaren a inda filin ya fi faɗi, kana dubawa a kai a kai, har filin ya zama siririn zare daidai ko'ina, sannan ya ɓace. Tsawon fiffike daidai da faɗin sandan kurfin ya isa ga yawancin aiki. Wannan yana iya cin minti goma ko fiye, a yi shi da hutu don zafi.

Ƙari ɗaya mai amfani ga na akushi: a cikin lanƙwasar akushi diddigen gangare yana gugar katako ya bar zobba masu duhu da samfefa ba ta cire su da sauƙi. Matso da aljihun gaba, ko ka yi da hannu, ka cinye diddigen har abin da ya saura na asalin gangaren ya zama milimita 2 zuwa 3. Sai ka naɗe ɗan samfefa mai laushi a siririn sanda, ko ka sa zagayayyen dutsen hannu, ka shafi cikin kwarmi sau biyu don cire leɓen da dutse ya tayar. Baki mahaɗar fuska biyu ne, in cikin kwarmi yana da tsatsa ko danƙon itace, wasan waje kaɗai ba zai ba da kaifi ba.

Cizal mai karkataccen baki

Shi ne ke barin katako sumul har ba a bukatar samfefa, kuma shi ne ba ya yafe dakushewa ko kaɗan. Bakinsa yana karkata da kusan digiri 70 daga tsawon ƙarfen, gangare biyu ne, kuma jimlar kusurwarsu 30 zuwa 40. Lissafin sauƙi: tsawon kowane gangare ya zama kaurin ƙarfen sau ɗaya da rabi, wannan yana ba da kusan 40, daidai da itace mai tauri. Sau biyu yana ba da kusan 30, don mai laushi irin malaina.

Ja layin karkatar a kan faranti da maka don ido ya riƙa bi. Kwantar da cizal ɗin yadda bakin zai yi daidai da fuskar dutse, ka zame shi hagu da dama. Juya shi, karkata ƙotar ɗaya ɓangaren, ka yi adadin shafar da ka yi. Gangaren biyu su zo tsawo ɗaya, in ba haka ba bakin ya bar tsakiya, cizal ɗin zai yi hali biyu, ɗaya in ka nufi hagu, wani in ka nufi dama. Tsinin sama da na ƙasa su ne ke fara ƙonewa, kada ka tsaya a kansu, kada kuma su zame daga gefen dutse su zagaye.

Wannan cizal ba ya komawa inji sai jefi-jefi. Tunda dutse zagayayye ne, gangaren yana fitowa da ɗan lotsawa, sai katin daimon mai lamba 600 ya zauna a kan diddige da baki kaɗai. Ɗiga ruwa, dafa katin a wuraren biyu, shafa biyar ko shida kowane gefe. Za ka ga siraran layuka biyu masu sheƙi. Ana iya maimaita wannan sau da yawa, sai layukan sun yi faɗi sun kusa haɗewa sannan a koma dutse. Kusurwoyin jikin ƙarfen kuma a ɗan kashe su da dutse, don ya riƙa zamewa a kan majinginin injin juyi ba tare da ya sassare shi ba.

Makankari da mayanki

Makankari ba da gangare yake yanka ba, da ɗan leɓen ƙarfen da dutse ke tayarwa a saman bakinsa yake yi. Saita faranti a 70 zuwa 80. Kafin ka kai shi dutse, kwantar da katin daimon a samansa ka goge tsohon leɓen, don sabo a kan tsoho ba ya tsayawa. Sannan shafa ɗaya mai sauƙi, kana kaɗa ƙota don bin siffar bakin in zagayayye ne. Ja yatsa daga saman ƙarfen zuwa waje, za ka ji ɗan kaushi, shi ke nan. Dutse mai kaushi yana ba da babban leɓe mai saurin ci, mai laushi yana ba da ƙarami mai tsaftar aiki. Ko wanne ne, rayuwarsa gajera ce, a itace mai tauri wani lokaci ba ya kai minti guda. Muddin yana fitar da siraran sassaƙe yana nan, da ya koma gari ya tafi. Wasu suna ƙara masa ɗan gangare a sama, jimlar kusurwar biyu ta zama wajen 60 zuwa 70. Irin wannan ba ya fizga, ya dace da gamawa, amma ba ya aiki ko kaɗan in leɓen ya tafi.

Mayanki, siririn da ake raba aiki daga gungume da shi, daƙiƙa biyar ne: gefe biyu, jimla wajen 50, bakin a miƙe. In irin mai kauri a tsakiya ne, dole bakin ya faɗo daidai kan wurin da ya fi kauri, in ya kauce jikin zai fi ramin da yake yankawa faɗi ya matse ya yi hayaƙi.

Yaushe za a koma dutse

Alamun suna zuwa kafin ido ya ga komai a bakin. Dogayen sassaƙe sun koma gutsattsari da gari, hannu ya fara turawa, ƙarar yankan ta canza, ƙarfen ya yi ɗumi, kan jijiyar katako ya fara yagewa yana barin ramuka. Juya bakin a ƙarƙashin haske: mai kaifi ba ya mayar da haske, duk inda ka ga farin zare ya dakushe. Ko ka tura shi a kan goshin katako mai laushi, mai kaifi zai yanke ya bar wurin da sheƙi, dakusasshe zai murƙushe. Kafin yankan ƙarshe na kowane aiki a wasa, ko da ana jin bakin da sauransa, domin daƙiƙa 15 a dutse tana rage dogon zama da samfefa. Gungume mai ɓawo kuma a kankare yashinsa da burushin waya tun kafin a ɗaura shi.

Masu ɗan bakin kabaid da ake ɗaurewa da sukuru ba a kai su dutse. In gefe ya dakushe a kwance a juya sabon gefe. In duk sun ƙare, a kifa shi a kan katin daimon da ɗigon ruwa, a murza shi da yatsa yana zagayawa na kusan minti guda, saman kaɗai, ba a taɓa gefen. Wannan ga masu shimfiɗaɗɗen sama ne. Masu kwarmi a sama sai dai a sayi sabo.